Jan Fenti a Katangar Gidan da Nake Son Sayarwa

Gwaggo Barikisu, assalamu alaikum.

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan faɗa miki komai har da inda ni na ɓata. Sunana kawai za ki bari, ko da yake duk wanda ya bi ta layinmu a Kalpohin kwanan nan ya riga ya san gidan da ake nufi.

Ni 'yar Zongo ce, a nan Tamale aka haife ni, na kuma haura sittin. Shinkafa nake sayarwa a kasuwar Aboabo tun ina goyon fari. Da ita na gina gidana bayan rasuwar maigidana, bana bulo, baɗi kwanon rufi, shekara ta gaba ƙofofi. Ba wanda ya ba ni ko buhun siminti. Ina faɗin haka ne don ki san gidan ba na gado ba ne, ba kuma mai haƙƙi a cikinsa sai ni. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, hawan jini ya zauna mini, 'yata ɗaya tilo Mulikatu tana aure a Kumasi, kullum kuka take in dawo kusa da ita. Na yi ta ja, daga baya na ga gaskiyarta. Na yanke shawara in sayar da gidan in je in yi ɗan ɗaki kusa da jikokina.

Ban nemi dillali ba, don ban ga amfaninsa ba. Mai saye tana cikin gidan. Sunanta Faustina, nas ce, mutuniyar kudu, ita da mijinta Elikem malamin makaranta suna haya a ɗaki da falon da ke kusa da ƙofa shekara da shekaru. 'Ya'yansu biyu a gidan aka haife su, a bayana suka yi barci. Ranar da na yanke jiki na faɗi a bakin famfo ita ta ɗora ni a yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ta kai ni asibiti da zanin gida a jikinta. Tun daga nan kowace safiya sai ta shigo da abin awon jininta ta ɗaura mini a hannu, ta yi mini faɗan gishiri kamar ita ta haife ni. Addininmu daban, amma ban taɓa azumi ba ta aiko mini da ruwan sanyi lokacin shan ruwa ba. Da na gaya mata zan sayar, sai ga hawaye. Ta ce sun daɗe suna tari, kuma ƙungiyar ma'aikatansu tana ba da rance don sayen gida. Muka yi ciniki a tsakar gida, mu biyu da Elikem, na sassauta mata da gangan, na ce na sallama. Na ba ta hannu. Ƙungiyar ta amince da rancen, saura kawai su turo mutuminsu ya ga gidan da takardunsa.

To, baki shi ke yanka wuya. An yi suna a Zogbeli, muna zaune muna yankan albasa, wata ta tambaye ni yaushe zan je ganin jikoki. Na ce wannan karon in na tafi na tafi ke nan, gidan ma zan rabu da shi. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kafin mako ya zagayo wayata ta zama kamar ta mai gidan rediyo. Ina alwala tana kuka, ina awon shinkafa tana kuka. Kowa ya kira sai ya ce yana da mai saye a hannu, ɗan Akara ne, kuɗinsa a buhu. Nan ejan muke ce wa irin waɗannan dillalan. Ban san Tamale tana da su da yawa haka ba, ashe duk saurayin da ke da moto, wato babur, da waya ejan ne. Ina ce musu na riga na sayar, su ce nawa. In na ƙi faɗa su yi dariya su ce Mma, ko nawa ne za mu ninka. Wata safiya na fito na ga lambar wayar wani an rubuta da gawayi a jikin katangata. Wata ƙawata a kasuwa ta nuna mini hoton gidana a wayarta, har da igiyar shanyata da zannuwana a kai, an sa sunan wani da ban taɓa gani ba wai a tuntuɓe shi.

Duk waɗannan ƙuda ne, ana kora su dawo. Wanda ya hana ni barci shi ne wani ejan mai suna Issahaku. Shi ba ya ihu. Farin kaftani, turare, ya tsuguna har ƙasa ya gaishe ni, Mma kaza Mma kaza. Da na ce masa ba na bukatar dillali, bai yi gardama ba, ya ce Allah ya ƙara girma, ya hau moto ya tafi. Na ce kai, ga yaro mai tarbiyya. Ashe Zogbeli ya nufa, gidan yayana.

Sai na yi miki bayanin Yaya Osman. Shi ne babbanmu, shi ya rage mana a madadin uba. Lokacin da na sayi filin an ce in zo fadar sarkin ƙasar da namiji daga gidanmu, shi ya raka ni. Shi ya tsuguna ya miƙa goro, shi ya sa hannu a matsayin shaida. Har yau dattawan fadar shi suka sani, ni dai ƙanwar Alhaji ce a wurinsu. In za a mayar da filin sunan wani, can za a koma, kuma shi za su fara tambaya. Ban gaya masa zancen sayarwar ba. Ba raini ba ne, Allah ya sani. Na san halinsa ne, in ya shiga magana sai ta zama tasa, kuma na so sai komai ya nuna sannan in kai masa.

Issahaku ya je masa da ƙullin goro da zabo biyu. Ya gaishe shi, ya ce ya ji Mma za ta sayar da gida, ya ga bai kamata ya shiga ba sai ya bi ta hannun babba. Ki duba wayon yaron nan. Yaya ya karɓi goron a gaban abokan zamansa, ya fasa, aka rarraba, ya ce masa je ka nemo mai saye na kirki, kar a cuci yarinyar nan. Ni ce yarinyar, Gwaggo, da furfurata.

Daga ranar gidana ya zama kasuwa. Issahaku yana zuwa da mutane ba sallama ta kirki, in na yi magana ya ce Alhaji ne ya sa shi. Ya kawo wani mai tumbi yana auna tsakar gidana da taku ina wanki da ɗaurin ƙirji. Ya kawo wata mata tana ƙwanƙwasa bango tana yatsina, wai za ta rushe madafina ta yi shago. Daga baya na ji ashe kowa ya kawo sai ya karɓi kuɗin kallo a hannunsa, wato gidana ya zama masa gona. Ranar da abin ya kai ni bango, Faustina ta kwana a wurin aiki ta dawo tana barci da hantsi, Issahaku da mutanensa suka tura ƙofar falonta suka leƙa. Na ji ta farka a firgice. Ban san lokacin da na ɗauki bahon ruwan wankin shinkafa na sheƙa wa moton Issahaku ba, har ya sami gefen kaftaninsa. Bai ɗaga murya ba. Ya karkaɗe rigarsa, ya ce mini a hankali, “Mma, ko wa ya sayi gidan nan, la'adana na ciki. Alhaji ya ci goro na.” Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A nan na yi wautar da ta sa nake rubuto miki. Maƙwabciyata ta ce in yi abin da kowa ke yi, in rubuta a katanga. Kin san rubutun nan da ake yi da turanci a jikin gidaje cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne. Zuciya tana tafasa na kira mai fenti, na ce ya yi da ja, manya-manya, yadda mai moto zai karanta daga bakin titi. Ya yi, har ya ƙara da cewa mai saye ya yi hattara, wai haka ake haɗa su. Na tsaya ina kallo ina jin daɗi, na ce yau na yi maganinsu. Ban tuna cewa a garin nan ba a yin wannan rubutun sai a gidan da ake rikici a kansa ba, gidan da wani ɗan'uwa yake son sayarwa a ɓoye sauran suna hanawa, ko wanda maganarsa ke kotu. Ni kaina in na ga irin wannan a gidan wani cewa nake Allah ya sauwaƙe, gado ya raba su.

Fentin bai gama bushewa ba mutumin ƙungiyar rancen ya zo, ina kasuwa. An ce ko sauka daga mota bai yi ba. Ya ɗauki hoton katangar ya juya. Suka kira Faustina suka ce sun dakatar da maganar sai an tabbatar musu ba rikici a gidan, kuma in wata ya ƙare ba a warware ba, kuɗin zai koma kan na bayanta a layi, ita sai wata shekara. Da yamma ta same ni ina tsintar shinkafa. Ba ta zauna ba. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, “Mma, kai ka ce gida naka ne. Yanzu bango ya ce ba a saida. Wane ne zan ji?” Na ce mata ejan nake kora kawai, ta kwantar da hankalinta. Ta dube ni ta shige ɗaki.

Ban gaya mata zancen Yaya da goron ba. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa 'yar haya yayana ya ɗora mini dillali ban sani ba? Maganar cikin gida ce, kuma duk lalacewarsa yayana ne. Amma ita tana ji Issahaku yana ambaton Alhaji, tana ganin jan rubutu, me za ta ɗauka? Ana wata ga wata, sai na ji daga bakin maƙwabta Issahaku ya tare Elikem a bakin makarantarsu, ya ce masa gidan Mma yana da magana, 'yan'uwa ba su yarda ba, kar ya jefa kuɗinsa a rijiya, ga wani gida mai tsabta a Jisonayili zai nuna masa. An ce sun je sun gani. Wato in ya ci ta wajena ya ci, in ya ci ta wajensu ya ci.

Na hau yalo-yalo na tafi Zogbeli a fusace. Na tarar da Yaya a ƙofar gida da mutanensa a kan benci. Ban tsuguna ba, ban kira shi gefe ba, hannu rabbana na je. Na ce wa ya ba shi izinin sa dillali a gidan da ko bulo ɗaya bai saya ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce shi da ya tsuguna a fada saboda ni, sai a bakin yaron titi zai ji ƙanwarsa za ta sayar da gida ta bar gari. Ya ce goron da ya ci a gaban mutane ba zai amayar ba. Ya ce an gaya masa ma na karya kuɗin gidan saboda tausayin baƙuwa, alhali ina da 'ya da jikoki. Kuma ƙafarsa ba za ta taka fada da ni ba sai na daidaita da Issahaku. Na juyo na tafi, har na manta takalmina ɗaya sai da aka biyo ni da shi.

Ga inda nake. Wayar ba ta daina kuka ba, don rubutun bai kori kowa ba, cewa suke dabarar ƙara kuɗi ce. Faustina ta daina shigowa awon jini, daga nesa take gaishe ni, yaranta ma an hana su zama ɗakina. Jiya na ga Elikem ya shigo da kwalaye. Wata yana ta tafiya. Ba kuɗin ne ke ci mini rai ba, mai saye ba zai yi wuya ba. Hannun da na ba yarinyar nan ne, ga shi tana kallona kamar wadda ta so ta damfare ta. In na biya Issahaku la'adar da bai yi wa aiki ba, gobe goma za su zo da nasu goron. In na ƙi, Yaya ba zai raka ni ba. Wasu sun ce in kai Issahaku wurin 'yan sanda, wasu sun ce in tsallake Yaya in nemi wani dattijo. Mulikatu ta ce in ba kowa abin da yake so in taho kawai. Ni kuma ban saba a taka ni in ce na gode ba. Ki gaya mini abin yi, ko da zai yi mini ɗaci.

Taki,
Mai shinkafa, Kalpohin, Tamale


Wa alaikumus salam, 'yar'uwa mai shinkafa.

Kin ce ko da ɗaci, to ga shi, amma bari in fara da mai daɗin. Gidanki ne, kina da ikon sayar da shi da bakinki ga wanda kika ga dama, ba dole sai da dillali ba. Dillanci sana'a ce ta halal, akwai masu yin ta da amana, kuma wanda ba shi da mai saye yana bukatarsu. Ke kina da taki tun kafin kowa ya ji labari. La'ada ladan wanda mai kaya ya sa aiki ne, ya kuma kawo mai sayen da ciniki ya faɗa da shi. Ke ba ki sa Issahaku ba, shi kuma bai kawo Faustina ba. Yayanki shaida ne, ba mai gida ba ne. A iya fahimtata ba ya bin ki komai, amma ki sa lauya ya tabbatar miki, don magana ta fi nauyi in ta fito daga bakinsa.

Sai dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Issahaku bai yi tsagar ba, gani ya yi. Mutumin da ya tsuguna a fada dominki ya cancanci ya ji daga bakinki tun ranar da kika yanke shawara. Gaya masa ba neman izini ba ne. Kin ji tsoron kar ya mamaye maganar, ga shi ya mamaye ta ta hanyar da ta fi muni. Shi ma ya yi kuskure babba, bai kamata ya fasa goro a kan dukiyar da ba tasa ba bai aiko an kira ki ba. Amma ki lura da abin da ya fara faɗa miki ranar. Bai fara da kuɗi ba, da zafin ji a bakin yaron titi ya fara. Ke kuma kika je kika ƙara masa a gaban abokansa. Yanzu ko yana so ya sauko ba shi da matakala.

Saboda haka kar ki tsallake shi. Ko kin sami wani dattijo, dattawan fada za su tambayi ina Alhaji, kuma rashinsa zai tabbatar da abin da katangarki ta faɗa. Abin da aka ƙulla da goro, da goro ake kwance shi. Ki nemi wanda Yaya Osman yake jin nauyinsa, limaminsu ko wani abokin mahaifinku in akwai mai rai, ya raka ki. Ki je da naki goron, ki shiga cikin gida, ki tsuguna duk da gwiwar. Ki ba shi haƙuri a kan abu biyu, ɓoye masa da kika yi da ɗaga muryar da kika yi. Kar ki ba da haƙuri a kan sayarwar, kar kuma ki sake buɗe cinikin. Ki gaya masa kin riga kin sallama tun kafin Issahaku ya taka ƙofarsa. Wannan ita ce matakalarsa, domin ba dattijon da zai ce a yi ciniki a kan cinikin wani, kuma zai iya cewa a gaban mutane an kawo masa goro a kan kayan da aka riga aka sayar bai sani ba. Shi ya ɗaure Issahaku, shi zai kira shi ya sallame shi. Ki mayar da kwatankwacin goron da zabin ta hannun yayanki. In kin ga dama ki ɗora ɗan abin mai da na wankin kaftani, don ruwan nan da kika sheƙa bai yi kyau ba. Amma a faɗa a gaban shaidu cewa kyauta ce. Kalmar la'ada kar ta fito daga bakinki ko da wasa.

Akwai maganar yayanki guda da ban yar ba. Ya ce kin karya kuɗin gidan. Wataƙila haka ne, wataƙila kuma ƙarin gishirin dillali ne. Ki kira mai ƙiyasta kuɗin gidaje wanda ba ruwansa da cinikin, ki biya shi ladansa ya gaya miki ƙimar gidan. Ba don ki tada ciniki ba, alkawari kaya ne kuma kin ɗauka. Don ki san girman abin da kika bari ne, ki gaya wa Mulikatu, ki gaya wa Yaya, kowa ya san kyauta kika yi da ido biyu ba cutarki aka yi ba. Wanda ya sallami dillali ya ɗauki aikin dillali a kansa. A rubuta yarjejeniya a wurin lauya, a sa hannu da shaidu daga ɓangarenki da nasu. Kuɗi ya bi ta banki. Takardun asali su zauna a hannunki har ranar da aka gama biya, hotonsu kawai za ki bayar.

Katanga kuwa, gobe da safe mai fentin nan ya dawo ya shafe ta gaba ɗaya da launi ɗaya. Kar ki maye gurbin rubutun da wani, ko da an sayar ne. Sannan shafewa kaɗai ba za ta isa ba, tunda hoton yana hannun masu rance. Ki ɗauki takardunki ki je ofishinsu da ƙafarki, ki faɗa musu gaskiya yadda kika faɗa mini, ki ce su bincika a ofishin filaye da fada, ke za ki biya kuɗin binciken. In Yaya ya sauko ya raka ki, zamansa a kujerar nan ya fi kowace rantsuwa. Ki kuma roƙe su a rubuce su ƙara wa Faustina lokaci. Ba na miki alkawarin za su yarda, amma mutumin da ya kawo kansa a bincike shi ba kasafai ake rufe masa ƙofa ba.

Sauran masu kiran waya, ke kike ciyar da su da amsa. Duk wanda kika tsaya yi wa bayani ya ga ƙofa. Magana ɗaya ce, ba na aiki da dillali, kar ka sake kira, ki kashe. Kar ki faɗi kuɗi, kar ki faɗi mai saye, kar ki ce albarka, ke 'yar kasuwa ce kin san mai jin albarka ƙari yake yi. Lambar da ta sake kira ki toshe ta. Ki sa sakata a ƙofar gida, ba mai shiga sai wanda kika buɗe wa. Ki gaya wa wakilin unguwarku da maƙwabta cewa ba ki sa kowa ba, duk wanda ya biya kuɗin kallo ya biya a banza. Maganar 'yan sanda ki ajiye ta tukuna, in kika fara da ita yayanki za ki ja cikin kunya. Amma in bayan an sallami Issahaku ya sake tura ƙofar wani, ko ya ci gaba da tallan gidanki, to ki je, kuma ki bar baho a inda yake.

Na bar mafi muhimmanci a ƙarshe, kuma shi za ki fara yi, kafin fenti, kafin Zogbeli. Kar ki ga laifin Elikem da kwalayensa. Mutum ya zo garin da ba nasa ba, zai zuba tarin rayuwarsa da bashin shekaru a kan gida, ya ga jan rubutu, ya ji ana ambaton wani Alhaji, mai gidan kuma ta ce masa kawai ya kwantar da hankali. Ko ɗanki ne cewa za ki yi ya gudu. Kin ce kina rufa wa yayanki asiri. Asirin nan Issahaku ya sani, masu zaman benci sun sani, maƙwabta sun sani, yau ga shi na sani ni da ban taɓa ganinki ba. Mutum ɗaya kika ɓoye wa, ita ce wadda abin zai rushe a kanta. Kin kira ta 'yar haya a wurin da kike neman dalilin yin shiru, alhali duk sauran wasiƙarki 'ya kike kwatantawa.

Ki ajiye jaridar nan ki je ki ƙwanƙwasa ƙofarta. Ki zauna da ita da mijinta, ki faɗa musu zancen sunan Zogbeli, da goron, da faɗanki da Yaya, da wautar fentin, kar ki rage komai. Ki shimfiɗa musu takardunki su karanta da idonsu. Ki ce musu hannun da kika bayar yana nan, in rancen ya wuce bana za ki duba yadda za ki jira su, in kuwa kin san ba za ki iya jira ba ki faɗa tun yanzu. Mai yiwuwa duk da haka su zaɓi Jisonayili, wannan haƙƙinsu ne, kuma sai ki sallame su da fuska a sake. Gida in ya kuɓuce wa Faustina za ta sami wani. Abin da ba na so shi ne ki hau motar Kumasi tana rakiyarki da ido daga nesa, tana zaton matar da ta goya mata 'ya'ya ta so ta cuce ta.

Allah ya huci zuciyar yayanki, ya sassauta taki, ya ba gwiwoyin nan lafiya. Allah ya sa ki miƙa makullin da hannunki ga wadda kika yi wa alkawari.

Gwaggo Barikisu